Waiwaye: Kyanwar Rumbu da Gubar Kasuwa

A garin Bana na ƙuruciyarmu ba a raba rumbu da kyanwa. Da an gama girbin hatsi an jera dammuna, ita ke kwana gadi, ladanta kan kifi da sauran tuwo. Ciwon da muka fi sani gare ta tsutsar ciki ne, sai zawon da kan biyo baya in an cika mata ƙwarya da madara, don cikin babbar kyanwa ba ya narkar da madarar shanu yadda ake zato. Ta yi kwana biyu tana ɗan cin ciyawa, ta miƙe.

Abin ya sauya ne da maganin ɓera da na ƙwari suka cika teburan kasuwa, daga Gaya har Kamba da Malanbil, wani a ƙulle cikin leda, ba suna, ba bayani. Kyanwa ta kwana lafiya lau, gari ya waye a tarar da ita tana amai da gudawa, yawu na dalala, jiki na kakkarwa, ƙwayar ido ta tsuke. Na sha jin ana cewa iska ta gamu da ita. Alhali waɗannan alamun piya-piya ne, gubar da ake sayarwa da sunan Sniper. A 2019 hukumar NAFDAC ta Nijeriya ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantuna, amma duk mai zaga kasuwannin iyaka ya san bai ɓace ba. Akwai kuma baƙin garin nan mai warin tafarnuwa da ake kwaɓawa da abinci a ajiye wa ɓera. Da ya isa ciki yakan saki iska mai guba, har aman dabbar kansa na iya cutar da mai kwashe shi a ɗaki rufaffe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kyanwa da yaro mai rarrafe ƙasa ɗaya suke bi. Lungun da ta kai bakinta, hannunsa zai kai. In kyanwar gida ta faɗi farat ɗaya, kafin a yi tunanin inda za a jefar da ita, a binciki bayan randa da gindin rumbu, a tambayi maƙwabta abin da suka zuba. Kuma gidan da guba ta kashe masa kyanwa, ɓerayen da suka tsira sai su hayayyafa ba mai tare su, a koma kasuwa a ƙara sayo wata gubar.

Ba kullum guba ba ce. Akwai ƙwayar cuta mai cin hanji da ke kama ƴaƴan kyanwa: zazzaɓi, ƙin abinci, amai, zawo mai wari, cikin ƴan kwanaki su ƙare ɗaya bayan ɗaya. Takan yi shekara guda a ƙasa da ranta, sai an wanke wuri da ruwan jabel, kuma tana da allurar rigakafi. Ba ta kama mutum, ba ta da alaƙa da kwalarar da ta addabi Nijar a 2021, har da jihar Doso, don haka babu dalilin korar dabbar da duka.

Ƙarewar ruwan jiki ke saurin kashe kyanwa. A ɗaga fatar wuyanta a saki. In ta yi jinkirin kwanciya, ta bushe. Idan amai ya lafa, a riƙa ɗiga mata ruwa mai tsabta da cokali, kaɗan-kaɗan. Kada a ɗura mata manja ko madara da sunan karya guba, kada kuma a ba ta farasitamol, hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na iya halaka ta. In akwai jini a kashinta, ko tana kakkarwa, ko ta yini ba ta riƙe ruwa ba, a nufi ma'aikatan kiwo a Gaya, a riƙe kwalbar ko ledar da ake zargi. Gubar piya-piya tana da makari, allurar atirofin, amma sai an isa da wuri take amfani.