Martani: Malam, Kada Ka Toshe Bakin Mai Gargaɗi

Malam, na karanta shawararka ga ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Lafiya, cewa su kashe gargaɗin kwamfaila kan faramitar da ba a taɓa ba, wai surutu ne. Sam, ban yarda ba!

Ɗalibi ya rubuta lissafin kuɗin makaranta, ya karɓi faramitar rangwame, ya manta bai cire rangwamen ba. Wa zai tona kuskuren? Gargaɗin nan da kake binnewa da -Wno-unused-parameter a GCC.

In da gangan aka bar faramitar, a sa mata void a C, ko maybe_unused da C++17 ya kawo. Rigakafi ya fi magani. Don Allah, Malam, ka janye wannan shawara.