Asibitin Sassoon da Inda Kuɗin Suka Fito

A 1832 David Sassoon, attajiri Bayahude daga Bagadaza, ya sauka a Bombay. Kafin rasuwarsa a 1864 ya gina majami'ar Magen David, ya kuma ba da kuɗin gina asibitin Pune da har yau ke karɓar majinyata na kowane addini. Asibitin nan ya fi burge ni, don sau da yawa kyautar mai kuɗi ba ta wuce ƙofar wurin ibadarsa.

Sai dai ba zan kau da kai ba. Ban da auduga, gidan Sassoon ya yi arziki da ofiyom, kayan mayen da suke kaiwa ƙasar Sin. Masu yabonsa su riƙa faɗin wannan ma, don mashayan can ba Pune aka kai su jinya ba.