Kafin Ka Soka Tsinke a Ramin Reset, Ɗauko Wayarka

Makon jiya ƙanena ya kira ni da daddare, wai kwamfutar gida ta daina hawa intanet, ga shi yana da fom ɗin da za a rufe washegari. Na ce me ka taɓa? Ya ce tsinken sakace ya samo ya soka a ɗan ramin nan na bayan rauta, ya danne har fitilun suka ɗauke. Da farko kwamfuta ce kaɗai ba ta da intanet. Bayan tsinken, gidan gaba ɗaya ya rasa, har wayar Hajiya.

Mu da muka taso da waya a hannu mun saba da cewa duk abin da ya ƙi aiki, a kashe a kunna. To, kashe rauta da kunna ta ba laifi ba ne. Amma Reset wani abu ne daban: yana mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. Sunan Wi-Fi da kalmar sirrinka sun tafi. Idan layin faiba ne mai amfani da PPPoE, suna da kalmar sirrin da ma'aikacin kamfani ya shigar ranar da ya haɗa muku su ma suna iya tafiya, kuma a gidaje da yawa ba wanda ya rubuta su. Shi ya sa nake ganin Reset ne ya kamata ya zo ƙarshe, mu kuwa da shi muke farawa.

Abin gwajin yana aljihunka. Kashe datar wayarka tukuna, don in ba haka ba za ta iya komawa kan layinka a ɓoye ta yaudare ka. Hau Wi-Fi ɗin rautar, ka buɗe wani shafi. Idan ya buɗe, ka wanke kamfani, ka wanke rauta: matsalar tana tsakanin rauta da kwamfuta. Idan bai buɗe ba, duba ko data ce ta ƙare kafin ka fara tsine wa sabis.

Daga nan sai kebul, wanda kowa ke rainawa. Zaruruwa 8 ne a cikinsa, kuma ƙofa ta isa ta matse su, ɓera ya isa ya gutsire su. Ɗan maƙalen roban da ke kansa idan ya karye, za ka ga kebul a soke amma bai zauna ba. Zare ka mayar har ka ji ƙas, ka ga ko ƙaramar fitilar ramin ta kama. Ka kuma tabbatar a ramin LAN yake. Ramin WAN na layin da ke shigowa daga kamfani ne, kuma mai shara ko yaro na iya sauya musu wuri da kyakkyawar niyya.

Fitila ta kama amma shiru? A Windows buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig. Idan adireshin ya fara da 169.254, rauta ba ta ba kwamfutar adireshi ba, ita ta raɗa wa kanta. Rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew. Idan kuwa ya fara da 192.168, gwada ping 8.8.8.8. Amsa ta dawo amma shafuka sun ƙi buɗewa? Galibi DNS ne, wato mai fassara sunan shafi zuwa lamba. Sauya shi zuwa 8.8.8.8 na Google ko 1.1.1.1 na Cloudflare.

Wani zai ce ai shi Reset ya taɓa gyara masa. Na yarda, yana da ranarsa, musamman in an manta kalmar sirrin shiga saitin rautar ko an dagula saitin. Amma tun tana lafiya ka shiga shafin saitin, wanda adireshinsa kan kasance a takardar da ke manne a jikinta, ka ɗauki hoton komai da wayarka ka adana.

Shi ƙanena sai da rana ta yi tsaka aka samu kamfani suka turo bayanan, ya cike fom ɗinsa a shagon kwamfuta da kuɗinsa. Da na je gidan na duba, maƙalen kan kebul ɗin ne ya karye.