Bitamin E: Ba Don Mu Hatsi Ke Yin Sa Ba

Littattafan kimiyya na sakandare sukan ambaci bitamin E a babin abinci kawai. A jera shi da 'yan uwansa, a ce ana samunsa a man tsirrai da ƙwayar hatsi, sai a wuce. Ba a cika tambayar abin da ya kai shi cikin ƙwayar ba, alhali nan ne darasin yake.

Tarihi ne ya jawo haka. A shekarar 1922, Herbert Evans da Katharine Bishop na Jami'ar Kalifoniya suka lura cewa cikin ɓeraye mata yana lalacewa, sai fa in an haɗa musu da latas ko alkama a abinci. Tun daga nan ake dubansa ta fuskar mai ci. Amma jikin ɓera ko na mutum ba ya iya sarrafa shi. Tsiro ke yi, kuma don bukatar kansa.

Sunan ɗaya ne, sinadaran takwas: huɗu tokoferol, huɗu tokotirayenol. Yayin da zangarniya ke nuna, uwar shuka tana tara wa ɗan tayin da ke kwance cikin kowace ƙwaya mai, guzurin da zai ci ranar tsiro. To, mai ba ya shiri da iskar oksijin. In suka daɗe tare sai ya lalace, ya ɓata fatar ƙwayoyin halittar tayin. Tokoferol yana zaune cikin man nan, shi ke tare ɓarnar kafin ta yaɗu. Shi kuwa tokotirayenol ya fi yawa a dusa da sauran jikin ƙwayar.

A 2004 masana a Mishigan ta Amurka suka gwada wannan da wata 'yar ciyawa, Arabidopsis, wadda aka hana yin tokoferol. Irinta bai jure ajiya ba, kuma a wasu da suka tsiro, tsiron ya fito a nakashe. Ciyawar ba hatsi ba ce, amma matsalar mai da iska ɗaya ce.

Ɗalibin da ya gane wannan zai dubi rumbun gidansu da wani ido. Zai fahimci ɗaya daga dalilan da ke sa tsohon iri ya ƙi fitowa, musamman wanda ya sha zafi da laima. Zai kuma san cewa surfe mai tsanani, da injin da ke goge shinkafa fes, suna tura mafi yawan bitamin ɗin cikin dusa, rabon awaki.

Malami ba ya bukatar ɗakin gwaji don ya nuna haka. A jiƙa masara ta kwana, a tsaga ƙwaya da reza, a ciro tayin a murƙushe shi a kan farar takarda. Tabon man da zai bari ya isa buɗe darasin, kafin a kai ga teburin bitamin.