Labulen da ke Ƙofar Kwamfuta

A makon jiya wani ɗalibina ya kawo mini kwamfutarsa ta hannu, ransa a ɓace. Ya ce: "Malam, ta ƙi tashi." Da ya kunna ta, tambarin Ubuntu yakan fito, wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa har ya gaji ya kashe. Maɓallin Esc kawai na danna. Nan take hoton ya kau, rubutu ya bayyana: ashe na'urar tana jiran wani faifan ajiya na waje ne da ya yi wa rajista a tsarinta, daga baya ya cire shi ya manta. Muka mayar da faifan, ta tashi.

Hoton nan da ke tarbar mutum kafin kwamfuta ta gama shiri labule ne. A da, mai amfani da Linux yakan ga layukan rubutu suna gudu a kan baƙin allo, kowane layi yana ba da rahoton aikin da aka tayar. Masu koyo sukan tsorata, shi ya sa aka saka labulen. Manhajar da ta fi shahara a wannan aiki ita ce Plymouth, wadda ma'aikatan kamfanin Red Hat suka ƙirƙira. Ta fara fitowa a Fedora 10 a shekarar 2008, Ubuntu kuma ta karɓe ta a 2010.

Abin da ya burge ni shi ne labulen ba na kamfani kaɗai ba ne. Zane-zanensa suna ajiye a /usr/share/plymouth/themes, kuma a Fedora ko Debian umarni guda, plymouth-set-default-theme -R tare da sunan zanen, ya isa a sauya shi. Makaranta na iya sa tambarinta, ɗalibi na iya rubuta "Barka da zuwa" da Boko ko Ajami. Lasisin GPL ne ya ba da wannan dama: ka karanta, ka gyara, ka raba wa wasu. Hausawa na cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma na'urar da ta gaishe ka da harshenka ta rage maka baƙunta.

Sai dai ina da gargaɗi. Labule yana ƙawata ɗaki, yana kuma ɓoye tsagewar bango. Ɗalibina ya kwana biyu cikin damuwa, har ya fara tunanin goge komai, aikin bincikensa na kammala karatu yana ciki, alhali amsar tana bayan hoton. Kalmomi biyu ne a saitin GRUB, wato quiet da splash, suke rufe waɗannan saƙonni. Wanda ya cire su zai ga komai a fili.

Don haka ina kira ga malaman kwamfuta: ranar da kuka koya wa ɗalibi sauya hoton, ku koya masa ɗage shi a ranar. Wanda bai san abin da ke bayan labulensa ba, har yanzu baƙo ne a gidansa.