'Yar robar raket ba ta maganin ciwon gwiwar hannu

A zamanmu na ƙarshe an kawo shawarar a ɗebi kuɗi daga asusun wasanni a sayo wa masu buga mana tanis 'yar robar nan da ake maƙalawa a zaren raket, wai don ta raba su da ciwon gwiwar hannu. Na rubuta shawarar a littafin taro kamar yadda aikina ya tanada, amma ban yarda da ita ba, ga kuma dalilina.

Idan ƙwallo ya bugi raket, abu biyu ne ke girgiza. Akwai zare, wanda ke kaɗawa wajen sau 500 a daƙiƙa, shi ne ke ba da ƙarar nan ta "ting". Akwai kuma jikin raket ɗin, wanda ke kaɗawa tsakanin sau 100 zuwa 200 a daƙiƙa, shi ne ke gangarowa ta mariƙi ya shiga hannu. 'Yar roba zare kawai take kashe wa murya. Nauyinta 'yan giram ne, ina za ta iya tsayar da raket mai giram 300 ko fiye? Kunne ne ke jin daɗi, jijiya tana nan tana shan dukanta.

Wani zai ce ai Djokovic yana sakawa, Nadal ma ya saba sakawa lokacin da yake wasa. Gaskiya ne. To Federer bai saba sakawa ba, ya kuma ci manyan kofuna 20. Andre Agassi kuwa a zamaninsa robar ɗaure kuɗi yake ƙullawa a zarensa, irin wadda mai shayi a Tunga zai ba ka kyauta. Sha'awa ce kawai, wanda yake so ya saya da kuɗinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne zare. Tun da Gustavo Kuerten ya ci gasar Roland Garros a 1997 da zaren Luxilon, zaren foliyesta ya mamaye wasan, don yana sa ƙwallo ya juya sosai. Amma zare ne mai tauri, kuma da sauri yake mutuwa tun bai tsinke ba. Manyan 'yan wasa kusan kowane wasa da sabon zare suke shiga fili. Mu fa? Mutum ya sayo raket na hannu daga Legas da zaren da ya zo da shi, ya buga wata shida, yana alfahari wai zarensa ba ya tsinkewa. Sannan ya bar shi a but ɗin mota cikin zafin Maris na Minna. Ni kaina na yi wannan gangancin, har ta kai ɗaga buta da hannun dama sai na cije baki, kuma a lokacin 'yar roba na maƙale a raket ɗina.

Abin takaici, waɗanda suka iya wasan ma suna shan wahala, don su ke duka da ƙarfi, su ke buga sau huɗu a mako. Yaron da muke fatan ya je gasar Dala a Kano, idan jijiyarsa ta kumbura, watanni zai yi a zaune.

Abin da ke sauƙaƙa wa hannu sananne ne: raket mai ɗan nauyi wanda jikinsa ke lanƙwasawa, mariƙi daidai da tafin hannu, zare mai laushi ko a gauraya shi da foliyesta, a kuma sassauta ɗauri. Sai gyaran bugun bayan hannu, wanda aikin koci ne.

Don haka a zama mai zuwa zan kawo shawarar a tara kuɗin a sayi injin ɗaura zare, ko na hannu ne, a koya wa matasa biyu aiki da shi. Wanda kuma hannunsa ya riga ya fara ciwo, ya ajiye raket ya ga likita kafin ya dawo fili. Masu goyon bayan 'yar roba su zo da hujjarsu, zan rubuta ta a littafi kamar yadda na rubuta ta farko.