Ɗan Wizil Ba Kyanwa Ba Ne, a Miƙa Shi ga Masu Sani

A watan Mayu yaran unguwarmu a nan Mancesta suka tsinci wani ɗan halitta a gefen lambunan haya, ko ido bai buɗe ba, tsawonsa bai wuce yatsa ba. Turawa na kiransa wizil. A ƙira ya yi kama da tunku, amma a dangi ɗan'uwan bodari ne.

Nan take ra'ayi ya rabu biyu. Wasu daga cikin iyayenmu suka ce a jefar, me za a yi da maci ɓera a gida. Ƙannenmu kuwa har sun raɗa masa suna, sun kawo madarar shanu a murfin kwalba. Mu a ƙungiyar matasa, tare da girmamawa, muna ganin duka biyun kuskure ne, kuma na ƙannen namu ya fi haɗari domin kama yake da alheri.

Madarar shanu zawo take sa irin wannan jariri, zawo kuwa kan kashe shi. Idan sanyi ya kama shi, cikinsa ba ya iya narkar da abinci, sai an fara ɗumama shi. Masu aikin suna ba shi madara ta musamman dare da rana, bayan 'yan sa'o'i kaɗan, sannan su shafa ƙasan cikinsa da auduga mai ɗumi domin ya yi fitsari, kamar yadda uwar ke yi da harshe. Wa ke da wannan lokaci a cikinmu, ga aikin dare ga makaranta?

Ko ɗaukarsa ma akwai magana. Uwar wizil takan kwashe 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon rami, wani ya faɗi a hanya, ta dawo nemansa. Da yaran sun ja da baya sun jira, wataƙila da ba maraya ba ne.

Babban abin shi ne, wannan dabba ta dawa ce. Idonta na buɗewa a wajen mako 4, a mako 8 ta fara kashe ɓera da kanta, in ta girma kuma takan ci kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinta kullum. Wanda ya saba da hannun mutum ba zai ji tsoron mutum ko kare ba ranar da aka sake shi. Kuma a ƙarƙashin dokar kula da dabbobi ta 2006, duk dabbar da ka ajiye a hannunka, wahalarta a wuyanka take.

Abin da muka yi ba wuya: kwali mai huji, tsumma, kwalbar ruwan ɗumi a naɗe, ba ci ba sha, sai waya. Ƙungiyar RSPCA na da cibiyoyin namun dawa 4 a Ingila, mafi kusa da mu ita ce Stapeley Grange a Cheshire. Ƙaramin cikin yaran ya yi kuka da aka rufe kwalin, har yanzu kuma bai gama huce fushi da mu ba.